Rigimar Zobe da Layi: Tarihin Wayar da ke Bayan Kwamfuta



Duk wanda ya taɓa shiga shagon kafe a zamanin da ake sayen intanet da awa, ko ya zauna jarrabawar JAMB a ɗakin kwamfuta, ya ga wata waya, galibi shuɗiya ko ruwan toka, da ake cusawa a bayan kowace kwamfuta. Idan ka bi ta da ido za ka ga kowace kwamfuta da tata wayar, kuma duk sun je sun haɗu a wani akwati mai ƙananan fitilu suna ƙyaftawa. Yau ba mai tambayar dalilin da ya sa aka tsara abin haka. Amma kafin a kai ga wannan akwati an kwashe kusan shekara goma sha biyar ana gardama a Amurka da Turai. Manyan kamfanoni sun zuba dukiya, wasu sun yi arziki, wasu sun karye. Tambayar da ake rigima a kai ita ce: idan kwamfutoci da yawa za su yi magana da juna a gini ɗaya, yaya za a jera su, kuma wa zai yi magana a wane lokaci?

Amsa biyu aka kawo. Ta farko, a shimfiɗa doguwar waya guda ɗaya daga wannan bango zuwa wancan, kowace kwamfuta ta jona a jikinta. Injiniyoyi suna ce wa wannan tsari bas, mu a nan za mu kira shi layi. Ta biyu, a haɗa kowace kwamfuta da ta gabanta, ita ma da ta gabanta, har ta ƙarshe ta komo kan ta farko. Wannan shi ne zobe.

Bambancinsu ya wuce yadda aka ja waya. Layi kamar hirar zaure yake. Kowa na jin kowa, wanda ke da magana sai ya jira a yi shiru ya fara. Idan mutum biyu suka buɗe baki tare, duk su tsaya, kowa ya ɗan dakata, sai ɗaya ya riga ɗaya. Zobe kuwa kamar shan fura ne da ludayi ɗaya. Ludayin na zagayawa hannu zuwa hannu, wanda yake hannunsa shi ke sha, saura su jira. Ba a rige-rige, kuma kowa ya san zagayen zai zo kansa.

Asalin layi

Tushen layi yana tsibiran Hawai, a tsakiyar tekun Fasifik. Jami'ar Hawai tana da babbar kwamfutarta a tsibirin Oahu, alhali tana da rassa a wasu tsibiran, kuma hayar layin tarho tsakaninsu akwai tsada. Sai wani malami, Norman Abramson, da abokan aikinsa suka koma ga rediyo. A 1971 suka ƙaddamar da tsarin da suka sa wa suna ALOHAnet. Dokarsa mai sauƙi ce: duk tashar da ke da saƙo ta aika kawai. Idan amsa ta dawo cewa ya isa, shi ke nan. Idan ba ta dawo ba, to ya yi karo da na wani a iska, sai ta ɗan jira wani lokaci da ta zaɓa da ka, ta sake aikawa. Tsarin ya yi aiki, sai dai akwai asara. Lissafi ya nuna ba zai iya amfani da fiye da kashi 18 cikin 100 na ƙarfin tashar ba. Da aka gyara shi, aka ce kowa ya riƙa farawa a ƙayyadaddun lokuta, sai ya kai kashi 37. Ku riƙe wannan 37 ɗin, za mu sake haɗuwa da ita.

Wani matashi mai suna Robert Metcalfe ya ci karo da takardar Abramson a lokacin da yake cikin damuwa, domin a 1972 Jami'ar Harvard ta ƙi amincewa da kundin digirinsa na uku. Ya zauna ya sake lissafin ALOHA, ya saka shi a kundin, aka karɓa a 1973. A lokacin yana aiki a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Kalifoniya. A can an ƙera wata kwamfuta mai suna Alto, wadda mutum ɗaya ke zama a gabanta shi kaɗai, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani. An kuma ƙera firinta mai aiki da hasken lesa da ke fitar da shafi ɗaya a sakan guda. Ana bukatar hanyar da Alto masu yawa za su riƙa tura mata aiki cikin sauri.

Ranar 22 ga Mayun 1973 Metcalfe ya rubuta takardar da ta bayyana shawararsa: a ɗauko dabarar ALOHA daga iska a saka ta cikin waya. Shi da David Boggs suka gina ta da wayar koyaks, dangin wadda ake jona wa eriyar talabijin, tana ɗaukar bit miliyan 2.94 a sakan. Sun yi wa ALOHA gyara uku. Kafin kwamfuta ta yi magana sai ta saurara, in wani na magana ta jira. Tana cikin magana ma tana sauraro, da ta ji karo sai ta katse nan take. Sannan duk lokacin da karo ya maimaitu, sai ta ninka tazarar da take zaɓar lokacin jiranta daga ciki.

Sunan da ya ba ta shi ne Ethernet. Masanan ƙarni na 19 sun ɗauka akwai wani abu da ba a gani, mai suna ita, wanda ya cika sarari kuma haske ke tafiya a cikinsa, har gwajin Michelson da Morley na 1887 ya kasa gano shi. Metcalfe ya ari sunan ne don kada a ɗaure tsarin da wata irin waya guda, duk abin da zai iya ɗaukar saƙo ya wadatar.

A 1979 ya bar Xerox ya kafa kamfanin 3Com, ya kuma shawo kan kamfanoni uku, DEC da Intel da Xerox, su fitar da ƙa'ida ɗaya da kowa zai iya bi. A Satumbar 1980 suka buga ta, da gudun bit miliyan 10 a sakan. Wayar wannan ƙa'ida mai kauri ce kamar ɗan yatsa, galibi rawaya, tsawonta har mita 500, tana ɗaukar na'ura 100. An yi mata alama a kowace mita biyu da rabi, nan kaɗai ake jonawa. Ana huda ta ne, a soka wani tsinke ya taɓo zuciyar wayar, shi ya sa ma'aikata suka yi wa majonin laƙabi da sunan dodon tatsuniyarsu mai shan jini. A kowane ƙarshe kuma dole a sa wani ɗan toshi mai om 50, wanda ke shanye saƙon da ya kai bango. In babu shi saƙon zai dawo kamar amsa-kuwwa ya rikita komai.

Ga yadda jiran yake a wannan ƙa'ida. Bayan karo na farko, kowace kwamfuta za ta zaɓi 0 ko 1, ta jira gwargwadon haka. Bayan na biyu, tsakanin 0 da 3. Bayan na uku, tsakanin 0 da 7, haka har zuwa 1023. Idan ta gwada sau 16 ba ta dace ba, sai ta haƙura ta kai rahoto. An kuma ce ƙunshin saƙo kada ya gaza bait 64, don mai aikawa ya kasance bai gama magana ba har labarin karo ya dawo masa daga can ƙarshen layi.

Masu zobe

Zobe ma yana da nasa dattawan. A 1969 injiniyoyi biyu na cibiyar binciken Bell, Farmer da Newhall, sun bayyana da'irar da izinin magana ke zagayawa a cikinta. Wani ɗan Suwidin, Olof Söderblom, ya riƙe takardar mallakar irin wannan dabara, har IBM ta biya shi kafin ta yi amfani da ita. A Ingila, Jami'ar Kambirij ta fara gina nata zoben a 1974 a ƙarƙashin Maurice Wilkes da David Wheeler, tare da wani matashi, Andy Hopper. A farkon shekarun 1980 kamfanonin Proteon da Apollo suna sayar da zobe a Amurka. Amma wanda ya ba zobe nauyi shi ne IBM, babban kamfanin kwamfuta na duniya a lokacin. A cibiyar bincikensa ta Zurik da ke Siwizalan, Werner Bux da Hans Müller da abokan aikinsu suka tsara abin da aka sani da Token Ring.

Ludayin wannan zobe wata 'yar alama ce mai bait 3 kacal, tana zagayawa ba tsayawa. Kwamfutar da ke da saƙo sai ta kama ta, ta canza bit ɗaya a jikinta, ta liƙa saƙonta ta sake. Saƙon zai bi ta kan kowace kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka aika wa za ta kwafe shi, ta sa shaidar ta gani, ta bar shi ya wuce. Idan ya zagayo wurin mai shi, sai ta cire shi ta saki sabuwar alama. Ba a yarda kowa ya riƙe alamar fiye da kusan kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ba. Saboda haka in ka san yawan kwamfutocin da ke zoben, za ka iya lissafa iyakar jiran da kowace za ta yi. Layi ba zai iya ba ka wannan alkawari ba.

Sai dai ludayi na iya faɗuwa. Idan kwamfutar da ke riƙe da alamar ta mutu fa? Idan mai saƙo ta mutu saƙonta na ta zagaye ba mai cirewa fa? Don haka aka tsara kwamfutocin su zaɓi ɗaya daga cikinsu ta zama mai sa ido. Ita ke lura idan alama ta ɓace ta ƙirƙiro wata, ita ke share saƙon da ya zama maraya. Sauran kuma suna sa mata ido, in ta mutu a yi sabon zaɓe. Kowace ta san maƙwabciyarta ta baya, in ta daina jin motsinta sai ta yi shela. Duk wannan aiki ne da dole a gina shi a cikin katin da ake sakawa a kowace kwamfuta, kuma kati mai wayo ba ya araha.

Kwamitin da ya kasa raba gardama

A Fabrairun 1980 ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ta kafa kwamiti mai lamba 802 don ya fitar da ƙa'ida ɗaya. Masu layi suka zo da tasu, IBM ta zo da zobenta. Kamfanin motoci na General Motors kuma ya goyi bayan tsari na uku: a shimfiɗa waya kamar layi, amma a riƙa zagaya alama kamar zobe. Hujjarsa ita ce a masana'anta, injin da ke walda ba zai jira sa'a ba, dole umarni ya iso a kan lokaci. Aka yi ta zama ba a daidaita ba. Daga ƙarshe kwamitin ya raba kansa uku: 802.3 na layi, 802.4 na layi mai alama, 802.5 na zobe. Ma'ana an bar wa kasuwa ta yanke hukunci.

IBM ta makara. A 1982 3Com ta riga ta fitar da katin Ethernet na ƙananan kwamfutocin IBM ɗin kanta. Token Ring bai shiga kasuwa ba sai Oktobar 1985, shekara biyar bayan ƙa'idar Ethernet, kuma da gudun bit miliyan 4. Duk da haka ya samu karɓuwa sosai, musamman a bankuna da kamfanonin inshora da na jiragen sama, waɗanda dama manyan kwamfutocin IBM suke amfani da su. A 1988 aka ɗaga gudunsa zuwa miliyan 16, ya wuce 10 ɗin Ethernet. A ƙarshen shekarun 1980 mutane da yawa sun ɗauka zobe ne zai gaji gidan.

Gardamar lissafi

Masu zobe suna da hujja mai ƙarfi. Werner Bux ya wallafa nazari a 1981 da ya nuna idan kaya suka yi yawa, zobe ya fi layi juriya. Dalilin a fili yake: a layi, ƙaruwar masu magana ƙaruwar karo ce, a zobe kuwa ba karo sam. Zobe na ɗaukar ƙunshin saƙo da ya ninka na Ethernet girma, wanda iyakarsa bait 1,518. Yana kuma da matakan fifiko takwas, saƙo mai gaggawa ya riga maras gaggawa. Duk wannan gaskiya ne.

Amma a bakin 'yan kasuwa maganar ta koma wani abu dabam. Aka riƙa yaɗa cewa Ethernet na durƙushewa da ta kai kashi 37 cikin 100. Wannan 37 ɗin ta ALOHA ce, tsarin da ba ya sauraro kafin ya yi magana. An ɗauko laifin kaka an ɗora wa jika.

Masu layi suka amsa da awo. A 1980 John Shoch da Jon Hupp sun auna layin Xerox na Palo Alto yana cikin aikinsa na yau da kullum. Suka tarar a tsawon yini, abin da ke bi ta wayar bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙarfinta ba, kuma kusan duk saƙo na wucewa ba tare da ya jira kowa ba. Haka aikin ofis yake: mutum ya tura takarda ga firinta, sai ya yi minti goma bai sake tura komai ba. A irin wannan hali layi ya fi sauƙi, don mai magana ba ya jiran ludayi ya zagayo. A 1988 kuma David Boggs da Jeffrey Mogul da Christopher Kent suka tara kwamfutoci a kan layi ɗaya a cibiyar binciken DEC, suka cika shi da kaya da gangan. Layin ya wuce kashi 37 nesa ba kusa ba, da manyan ƙunshi ma ya kusa cika ƙarfinsa. Gani ya kori ji.

Kowane ɓangare dai yana da gaskiyarsa. Zobe ya fi a ranar cunkoso, layi ya fi a ranar da ba cunkoso, kuma ranakun da ba cunkoso sun fi yawa.

Ɗan hakin da aka raina

Yayin da masana ke wannan lissafi, ma'aikacin da ke kula da kwamfutocin ofis abin da ya dame shi dabam ne, wato wayar kanta. A tsakiyar shekarun 1980 an fito da siririyar koyaks mai araha, tsawonta mita 185, tana ɗaukar kwamfuta 30. Tana bi ne tebur zuwa tebur, a bayan kowace kwamfuta akwai majoni mai baki uku. Ya isa wani ya ja teburinsa majonin ya saki, ko mai shara ya fizge toshin ƙarshe, sai duk ofis ya tsaya cak. Wake ɗaya ya ɓata gari. Mafi muni, layin ba ya faɗa maka inda ya lalace. Sai ma'aikaci ya je tsakiya ya raba wayar biyu, ya sa toshi, ya ga wane rabi ke aiki, sannan ya sake raba rabin da ya mutu, yana rarrafe a ƙarƙashin tebura har ya gano wurin.

Zobe na asali ma wannan ciwon gare shi, har ya fi, tunda saƙo na bi ta cikin kowace kwamfuta. A kashe ɗaya, zobe ya tsinke. Masu zobe sun riga masu layi gane haka. Tun ƙarshen shekarun 1970 Jerome Saltzer da Kenneth Pogran na jami'ar MIT suka ba da shawarar a ja waya daga kowace kwamfuta zuwa wuri ɗaya, a ƙulla zoben a can. Haka IBM ta yi. Akwatinta yana da baki takwas, kowane baki da ɗan makunni a ciki. Idan kwamfuta ta tashi sai ta tura 'yar wuta ta wayarta, makunnin ya yi ƙas, ya shigar da ita zobe. In ta mutu ko wayarta ta tsinke, makunnin ya rufe, zobe ya tsallake ta. Wanda ya kalli wayoyin ginin zai ga sun fito daga cibiya ɗaya kamar hasken tauraro, zoben yana cikin akwati a ɓoye.

Wannan shi ne ainihin fifikon Token Ring a kan Ethernet, kuma bai da alaƙa da ludayi ko karo. Matsalarsa kuɗi. IBM ta tsara shi ne da tata wayar ta musamman, mai kauri da rufin ƙarfe da manyan majonai. Katinsa ma ya fi tsada, a shekarun 1990 sau da yawa ya ninka na Ethernet fiye da sau biyu. IBM ce ke riƙe da mafi yawan kasuwar, sauran masu ƙera shi kaɗan ne, irin su Madge na Ingila da Olicom na Denmak. Ethernet kuwa Xerox ta ba da izininta a kan kuɗi ƙalilan, kamfanoni barkatai suka shiga suna karya wa juna farashi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Yadda layi ya bar layi

Abin da ya rage wa masu Ethernet shi ne su kwaikwayi tauraron abokan hamayyarsu, kuma sun yi hakan ba kunya. Wasu tsofaffin ma'aikatan Xerox da suka kafa kamfanin SynOptics sun fitar da Ethernet a 1987 mai gudun miliyan 10 a kan wayar tarho ta gama-gari, mai silli biyu-biyu a murɗe, irin wadda dama tana cikin bangon ofisoshin Amurka. A 1990 IEEE ta mayar da wannan hanya ƙa'ida, mai suna 10BASE-T: kowace kwamfuta da tata wayar, tsawon mita 100, zuwa akwati ɗaya. In wayar mutum ta tsinke shi kaɗai ya fita, fitilarsa a akwatin ta mutu, ma'aikaci ya gane nan take. A cikin akwatin dai har yanzu zaure ne, abin da ɗaya ya faɗa kowa na ji, kuma ana karo.

Wajen 1990 wani ƙaramin kamfani a Kalifoniya mai suna Kalpana ya fito da akwati iri dabam, wanda ake kira suwic. Shi yana karanta adireshin da ke kan saƙo, ya miƙa shi ga bakin mai shi kaɗai. Mutum biyu na magana a nan, wasu biyu na yi a can, ba wanda ya tare wani. Cisco ta sayi Kalpana a 1994. A 1995 Ethernet ta hau miliyan 100. A 1997 aka ba da ƙa'idar aikawa da karɓa a lokaci guda, wanda ke nufin tsakanin kwamfuta da suwic ba sauran karo. A 1998 ta kai biliyan ɗaya. Da aka zo ƙa'idar biliyan 10 a 2002, ba a ma saka dokar karo a ciki ba.

Daga nan hujjar zobe ta ƙare, domin ludayi maganin rige-rige ne, ga shi kowa ya samu ƙwaryarsa. An yi Token Ring mai miliyan 100 a ƙarshen shekarun 1990, bai samu masaya ba. An rubuta ƙa'idar mai biliyan ɗaya a 2001, ba ta shiga kasuwa ba. Olicom ta sayar wa Madge sashenta na zobe a 1999, Madge kuma ta karye a 2003. Tsarin General Motors ya riga su ɓacewa.

To wa ya ci? A littattafai za ka ga an ce Ethernet. Amma duba abin da ya rage na Ethernet ɗin 1980. Doguwar waya ɗaya ta tafi, toshin ƙarshe ya tafi, sauraro da karo da jira duk sun tafi. Siffar da take da ita yau, masu zobe ne suka fara kawo ta ofisoshi. Abin da ta riƙe shi ne sunan, da tsarin ƙunshin saƙo, da adireshi mai bit 48, wanda irinsa yana cikin Wi-Fi ɗin wayar da ke hannunka yanzu. Har dokar bait 64 tana nan, ko da yake karon da aka yi ta dominsa ya daɗe da ƙarewa. Riƙe waɗannan shi ya sa wanda ya sayi kati a bara bai yi asara ba a bana, yana iya jona tsohon kayansa da sabo. Metcalfe ya ƙi ɗaure sunan da waya tun 1973, shi ya sa da kiɗa ya canza rawa ta canza ba tare da an canza suna ba.

Inda suke a yau

Ba a binne zobe ko layi ba, sun dai bar ofis. Zobe ya koma inda babban abin tsoro shi ne tsinkewar waya. Tsarin FDDI na ƙarshen shekarun 1980 zobe biyu ne na wayar gilashi, ɗaya na tafiya dama ɗaya hagu, in aka yanke wuri sai su haɗe su zama ɗaya aiki ya ci gaba. Kamfanonin sadarwa ma sun daɗe suna kewaye birane da wayar gilashi a siffar zobe, ta yadda idan mai haƙa rami ya datse ta a gabas, saƙo zai juya ta yamma cikin kashi ɗaya bisa ashirin na sakan.

Layi kuma yana cikin mota. A 1986 kamfanin Bosch na Jamus ya gabatar da tsarin CAN, silli biyu da ƙananan kwamfutocin inji da birki da giya ke jonawa a kai, da toshi a kowane ƙarshe kamar na da. Idan biyu suka fara tare, mai saƙo mafi muhimmanci ke wucewa, ɗayan ya ja baya. Makanikin da ke jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari don ya gano ciwon motar zamani, galibi da wannan layi yake magana. Wi-Fi kuwa ya komar da mu Hawai: iska ɗaya, kowa na sauraro, kowa na jiran ɗan lokacin da ya zaɓa da ka, sannan ya jira amsar cewa saƙonsa ya isa. Shi ya sa idan mutane suka yi yawa a kan na'ura ɗaya take nauyi. Abin da masu zobe suka yi ta gargaɗi a kai ke nan.

Norman Abramson ya rasu a 2020, David Boggs a 2022. A Maris ɗin 2023, shekara hamsin bayan takardarsa ta Palo Alto, aka sanar da ba Robert Metcalfe lambar yabo ta Turing, mafi girma a fannin kwamfuta. In ka sake shiga ɗakin kwamfuta, ka duba akwatin nan mai fitilu. Sunan da ke jikinsa na masu layi ne, yadda wayoyin suka taru a kansa kuma dabarar masu zobe ce.